Ƙafata Ta Hagu Ba Ta Kai Ta Dama Ba: Gudu Da Jinya A Sabon Ibadan

Yau ina so in yi magana ne a kan ƙafa, wato ƙafafuna ni kaina, domin mutane da dama a nan Sabo sun sha tare ni suna tambayar me ya same ni a shekarar 2022 da aka ga ina salla a zaune, wasu kuma suna tambaya ko gaskiya ne wai likita ya ce ni gurgu ne ban sani ba. Amsar a taƙaice ita ce, ƙafata ta hagu ba ta kai ta dama tsawo ba, bambancin da ke tsakaninsu milimita 14 ne, kuma sai da na shekara 41 a duniya sannan na san da haka. Abin da ya tona asirin kuwa shi ne tsokar bayan cinyata da ta yage ina cikin gudu. Na ga ya dace in rubuta yadda abin ya faru da abin da na koya, ko Allah Zai sa wani ya amfana, musamman matasanmu masu buga ƙwallo da kuma irina da girma ya fara kamawa suka shiga motsa jiki.

Kafin nan bari in faɗi abin da ya kai ni ga gudu tun farko, don a nan unguwar ba abu ne da aka saba gani ba, a ce magidanci da 'ya'ya huɗu ya fito da kambas da asuba yana gudu alhali ba a koro shi ba. A Sabo aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina, kakanmu ne ya zo daga Kano a kan fataucin goro. Unguwar nan tun 1916 aka ware ta domin Hausawan Badun, kuma goro da shanu ne suka gina ta, kamar yadda wani Bature mai bincike, Abner Cohen, wanda ya zauna cikin mutanen Sabo a 1962 zuwa 1963, ya bayyana a littafin da ya fitar a 1969. Mutanen wancan zamani mutanen tafiya ne. Akwai waɗanda suke koro shanu da ƙafa daga Arewa, su yi makonni a hanya, su kuma koma su sake korowa. Mu jikokinsu kuwa yawancinmu zama ya same mu. Ni sana'ata canji, daga safe har magariba ina kan benci da waya a hannu, abinci a kawo mini inda nake, da dare kuma ga tsire da shayi mai kauri a bakin titi. Mahaifina hawan jini ne ya kwantar da shi, ya yi shekara uku rabin jikinsa ba ya motsi kafin Allah Ya karɓi abinSa. Saboda haka ranar da aka auna ni a 2018 aka ce jinina ya kai 160 bisa 100, ban tsaya jiran wa'azi ba. Na karɓi magani, na rage gishiri, na sayi kambas na gwanjo a Dugbe, na fara da tafiya, daga tafiya sai sassarfa, daga sassarfa sai gudu.

Da an sallame sallar asuba sai in fita ta shataletalen Mokola, in bi titin Queen Elizabeth, in wuce ta gaban asibitin UCH har Total Garden, wani lokaci in zarce Agodi, sannan in juyo. Ranar Asabar kuma in haɗu da wasu abokai Yarabawa a wajen filin wasa na Lekan Salami da ke Adamasingba, wanda yake maƙwabcinmu ne, mu hau tudun Mokola wajen Premier Hotel mu sauko. Duk wanda ya san Ibadan ya san gari ne na tudu da gangare, ba irin shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Kano ba, in ba ka hawa to kana sauka. Cikin shekara uku na zubar da kilo 11, jinin ya daidaita har likita ya rage mini magani, ina yin kilomita 8 zuwa 10 sau huɗu a mako. Dattawan da suke ce mini "Malam, lafiya, wa ya biyo ka?" suka gaji suka koma yi mini fatan alheri, masu shara a titi kuma su ce mini "e ku ishe o, Alhaji".

Abu ɗaya ne ya yi ta damuna a wannan tsakanin, shi ne duk ciwon da zan yi a ɓangaren dama yake zuwa. Yau kwankwason dama ya riƙe, gobe gefen gwiwar dama ya yi zafi, jibi bayan cinyar dama ya ɗaure kamar an ja igiya. In na huta kwana biyu ya tafi, in na koma ya dawo. Mutum biyu ne suka riga kowane likita lura da wani abu. Na farko telana, wanda yake ɗinka mini kaya sama da shekara 15. Wata rana yana gwada ni ya ce, "Alhaji, ni fa na daɗe ina rage maka ƙafar wando ta hagu kaɗan, in na yanka su daidai sai ta riƙa jan ƙasa." Na biyu shumekan da yake zama kusa da masallacinmu, wanda ya juya takalmana ya nuna mini cewa cinyewarsu ba iri ɗaya ba ce, na dama ya cinye ta dunduniya, na hagu ta wajen yatsu. A lokacin dukanmu dariya muka yi, aka ce ai kowa da irin takunsa.

A watan Fabrairun 2022, wata Asabar, muna saukowa daga tudun Mokola, sai ga ɗan acaba ya shawo kwana ya nufo ni. Na buɗe ƙafa da ƙarfi na tsallake kwata don in kauce masa, ina dirowa na ji kamar an harbe ni da dutse a bayan cinyar dama, har sai da na waiwaya in ga wanda ya jefe ni. Ƙafar ta ƙi ɗaukata, abokan gudu suka tallafe ni zuwa cikin Micra suka kawo ni gida. Bayan kwana biyu wurin ya yi baƙi-ƙirin tun daga tsakiyar cinya har bayan gwiwa, alamar jini ya kwanta. Ruku'u ya gagare ni, domin sunkuyawa ita ce take jan wannan tsoka, shi ya sa na koma salla a kan kujera, kuma da ma a Sabo in ka yi salla a zaune sau ɗaya, to kafin la'asar labari ya kai Mokola.

Nan fa 'yan dubiya suka yi ta zuwa, kowa da maganinsa, kuma Allah Ya saka musu da alheri domin ƙauna ce ta kawo su. Wannan ya ce a kira wanzami a yi ƙaho a zuƙe mataccen jinin, wancan ya ce a gasa da ruwan zafi a murje da man zafi, wani ya ce maɗori za a kira don jijiya ce ta hau kan jijiya, wata gwaggona kuma ta ce ai duk mai yawo da duku-duku wata rana sai ya taka abin da ba a takawa. Amma shawarar da kowa ya haɗu a kanta ita ce in bar gudun nan haka, girma ya zo. Wannan ita ce ta fi tayar mini da hankali, don ni na san abin da ya fitar da ni titi, kuma hoton mahaifina a kwance ana juya shi bai taɓa barin idona ba. A makonni ukun farko da na yi a zaune awon jinina ya fara hawa, kilo biyu suka dawo.

Ɗaya daga cikin abokan gudun ne ya matsa sai na je wajen likitan gashin ƙashi. A wannan fanni mutanen Ibadan sun yi sa'a, domin Jami'ar Ibadan ce ta fara koyar da shi a matakin digiri a Nijeriya tun 1966, don haka masu aikin ba su yi ƙaranci a garin ba. Wadda ta duba ni Bayarabiya ce da ta yi bautar ƙasa a Arewa, tana jin Hausa daidai gwargwado. Ta yi mini bayani cewa tsokar bayan cinya guda uku ce, sun taso daga ƙashin mazauni sun sauka har ƙasan gwiwa ta baya, aikinsu su lanƙwasa gwiwa, su ja cinya baya, sannan a wajen gudu su ne burkin ƙafa idan ta wulla gaba kafin ta dira. A daidai wannan lokaci na taka burki, tsokar tana miƙe tana kuma aiki, a nan ta fi yagewa. Ta ce yagewar hawa uku ce, akwai ƙarama da take warkewa cikin 'yan kwanaki ko makonni kaɗan, akwai matsakaiciya da wani sashe na tsokar ya yage, wadda take cin makonni da dama, akwai kuma wadda tsokar ta tsinke gaba ɗaya, har takan kai ga tiyata. Tawa matsakaiciya ce. Game da ruwan zafi da murza kuwa, ta ce a kwanakin farko ba a so, saboda wurin yana zubar da jini ta ciki, zafi da tausa mai ƙarfi ƙara zubarsa suke yi. Abin da ake so a lokacin shi ne a ɗaure da bandeji, a ɗaga ƙafar, a rage takawa, in an sa ƙanƙara don rage zafi babu laifi, sannan da zarar zogin ya lafa a fara motsa ta a hankali, domin dogon kwanciya ma raunana tsoka yake yi.

Da na ba ta labarin ciwon da yake zuwa ɓangare ɗaya, da maganar tela da ta shumeka, sai ta ce in kwanta rigingine. Ta ɗauko tef irin na teloli ta auna daga ƙashin da ya turo a gaban ƙugu zuwa idon sawu na ciki, dama da hagu, har sau uku. Daga nan ta ce in miƙe tsaye, ta riƙa zura ƙananan alluna a ƙarƙashin ƙafar hagu tana dafa ƙuguna ta baya, har ɓangarorin biyu suka daidaita. Ta ce awon tef yana iya kuskure da milimita da dama, don haka ta tura ni hoton ƙashi na ƙafafu biyu a tsaye. Hoton ya nuna ƙashin cinyar hagu ne gajere, da milimita 14, kuma ga tabon tsohuwar karaya a jikinsa. Ta dube ni ta ce, "Alhaji, ka taɓa karyewa kana yaro?"

Na taɓa kuwa. A 1990, ina ɗan shekara 9, an kai mu hutu Kano wajen dangi, na faɗo daga kan bishiyar mangwaro. Abin da nake iya tunawa shi ne ƙarar da na yi da aka ja ƙafar, da karan da aka jera aka ɗaure, da kuma kwanaki 40 da na yi a ɗakin kakata ana ba ni farfesun ƙafar sa. A daren da na dawo daga asibiti na shiga wajen Hajiya na tambaye ta. Ni ne ɗan fari, ba ta kiran sunana, ta yi shiru na ɗan lokaci sannan ta ce, "To kai wannan, ɗorin ne bai yi ba? Mahaifinku ya so a kai ka Dala, ni na ce a bari a yi na gida, don kowa a unguwar wajen mutumin nan yake zuwa." Na ga idonta ya kawo ruwa. Na ce, "Hajiya, ai ƙafar nan ta kai ni makaranta, ta kai ni Makka, ta yi ɗawafi da Safa da Marwa, ta yi shekara 32 ba ta taɓa kai ƙara ba. Ba ki da wani laifi a ciki." Kuma ba don in faranta mata na faɗa ba, likitar da kanta ta ce karayar cinya a yaro tana iya barin bambancin tsawo ko da a asibiti aka yi aikin, wani lokaci ƙashin ya haɗe a ɗan hau da juna ƙafar ta gajarta, wani lokaci ma wadda ta karye ita ce take fin ɗayar tsawo, saboda jinin da yake kwarara wurin yana ƙara mata saurin girma.

Daga nan na shiga karance-karance a intanet, ina kuma kai wa likitar tambayoyi, kuma abin da na fara ganowa ya kwantar mini da hankali ƙwarai. Ashe ƙafafun da suke daidai cif su ne 'yan kaɗan. Wani nazari da aka wallafa a 2005, wanda ya tattara awon da aka yi da hoton ƙashi, ya nuna kusan mutum 90 cikin 100 suna da ɗan bambanci, matsakaicinsa wajen milimita 5, kuma yawanci ba ya hana su komai. Likitoci da dama sai bambancin ya kai santimita 2 sannan suke ɗaukarsa abin da lalle sai an yi wani abu a kai. Bambancin kuma iri biyu ne. Akwai na ƙashi, irin nawa, wanda karaya ko shan inna ko ciwon ƙashi ko halitta suke kawowa. Akwai kuma wanda ƙasusuwan daidai suke, amma ƙugu ya karkace saboda wata tsoka ta ɗaure ko tafin ƙafa ɗaya ya fi ɗaya kwanciya, sai ƙafar ta yi kamar gajeriya. Wannan na biyun atisaye ne maganinsa, in aka sa masa ƙari a takalmi ana iya ƙara ɓata lamarin, shi ya sa awo yake da muhimmanci kafin komai.

To in milimita 14 ba ta kai abin damuwa ga mai tafiya ba, me ya sa ta dame ni? Likitar ta ce gudu daban yake da tafiya. Mai gudu duk dirar da ya yi nauyin da yake sauka a kan ƙafa ɗaya ya kai ninki biyu zuwa uku na nauyin jikinsa, kuma a kilomita 10 zai yi taku wajen dubu 9 ko fiye. Ƙaramin karkata in aka maimaita shi sau dubbai a kowace safiya, dole wani wuri ya ɗauki nauyin. Sannan ga wani abu da ban taɓa kawowa a raina ba, wato shi kansa titin. Ana gina kwalta ne da ɗan tudu a tsakiya, ta gangara gefe don ruwa ya wuce kwata. Tun da Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama a 1972, mai tafiya a ƙasa da yake son ya riƙa fuskantar motoci, kamar yadda ƙa'ida ta ce, gefen hagu yake bi. Ke nan ƙafata ta hagu, wadda da ma ita ce gajeriya, ita ce kullum take faɗawa ɓangaren da ya fi ƙasa, titin yana ƙara mata gajarta. Duk da haka likitar ta yi mini adalci, ta ce ba za ta rantse cewa bambancin ne ya yaga tsokar ba, domin masu ƙafafu daidai ma suna yagewa idan suka yi irin tsallen da na yi, kuma binciken masana a kan alaƙar ƙaramin bambanci da rauni bai tsaya a magana ɗaya ba. Abin da ta tabbatar da awo shi ne tsokar bayan cinyata da ta mazaunaina ba su da ƙarfin da ya dace da yawan gudun da nake yi.

Wani abin da ya ƙara mini ƙwarin gwiwa shi ne labarin Usain Bolt na ƙasar Jamaika, wanda ya yi mita 100 cikin daƙiƙa 9.58 a Berlin a 2009. Mutumin nan ƙashin bayansa a karkace yake, kuma ƙafarsa ta dama ba ta kai ta hagu ba da kusan rabin inci, wato kusan irin nawa ke nan. A 2017 masu bincike a Jami'ar Southern Methodist ta Amurka suka nazarci takunsa, suka gano ƙafar dama tana dukan ƙasa da ƙarfin da ya ɗara na hagu da kashi 13 cikin 100, ita kuma ta hagu tana daɗewa a ƙasa fiye da ta dama da kashi 14 cikin 100. Wato jikinsa ya nemo wa kansa hanyar zama da abin. Shi ma kuma tsokar bayan cinya ta sha ba shi wahala, har a tserensa na ƙarshe a Landan a 2017 ita ce ta kayar da shi a kan fili. Akwai kuma Garrincha na Brazil, wanda ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya da kusan santimita 6, ga su kuma a lanƙwashe, amma ya ci Kofin Duniya a 1958 da 1962. Da na ba abokan Adamasingba wannan labari sai ɗayansu ya ce, tun da a filin tsere hagu ake zagayawa kuma ƙafata ta hagu ce gajeriya, ai ni an halicce ni ne domin shan kwana, in bar titi in koma fili.

Maganar ƙari a takalmi ita ce ta fi ba ni mamaki. Ni a zatona tun da 14 ce ta rasa, 14 za a cika. Likitar ta ce a'a, jikin da ya shekara 32 yana tafiya a haka, ƙugu da baya da jijiyoyi duk sun saba, in aka ɗaga shi gaba ɗaya rana ɗaya sabon ciwo za a saya. Da milimita 4 muka fara, na yi mako uku ina tafiya da ita kawai, sannan muka koma 7, a nan muka tsaya, wato rabin bambancin. Ta ce abin da ya wuce santimita ɗaya ba ya zama daidai a cikin takalmi, dunduniya fita take yi, sai dai a ƙara ta waje a ƙasan takalmin. Shumekan nan namu shi ya yanka mini su daga roba mai tauri, wadda ba ta lotsewa, na kai asibiti aka auna kaurin aka amince. Ya yi mini guda huɗu, na kambas, na takalmin fita, sauran biyu na ajiya, ya kuma ƙara wa silifas ɗina na hagu ta ƙasa yadda ba mai lura. Da na tambaye shi kuɗinsa sai ya ce, "Alhaji, ai ni na fara gano cutar, kuɗin likita za ka biya."

Amma in gaskiya za a bi, aikin da ya fi yawa ba a takalmi yake ba, a tabarma yake. Mako na farko da na biyu ina kwance ina danna dunduniya a ƙasa ba tare da motsi ba. Daga nan sai kwanciya rigingine ina ɗaga ƙugu sama da ƙafa biyu, sannan da ƙafa ɗaya. Sai tsayuwa da ƙafa ɗaya ina sunkuyawa a hankali da galan na ruwa a hannu. Daga baya aka kawo wanda ya fi kowanne wuya, wanda ake kira Nodik, mutum ya durƙusa a kan gwiwoyinsa, wani ya danne masa idon sawu, shi kuma ya riƙa tafiya gaba a miƙe sannu a hankali yana riƙe kansa da tsokar bayan cinya har ya kai ƙasa da hannu. Wani nazari na 2019 da ya haɗa bincike da dama ya nuna 'yan wasan da suke yin sa raunin wannan tsoka yana raguwa a cikinsu da kusan rabi. Babban ɗana ne yake danne mini ƙafa bayan sallar isha'i, ƙannensa suna ƙirgawa suna dariya in na faɗi. Likitar ta gargaɗe ni cewa wannan tsoka ta yi suna wajen sake yagewa, musamman a makonnin farko bayan an koma gudu, domin zafin yana riga raunin tafiya, mutum ya ji garau alhali ƙarfin bai dawo ba. Saboda haka ba kalanda muka bi ba, sai da ƙafar dama ta iya duk abin da ta hagu take yi ba tare da zafi ba.

A mako na tara na koma titi, minti ɗaya sassarfa minti biyu tafiya. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana. Sai da na yi wata biyar kafin na sake yin kilomita 10. Na kuma sauya wasu abubuwa da har yau nake bi. Ina neman wurin da yake shimfiɗe, kamar harabar filin wasa ko titunan cikin Jami'ar Ibadan da sassafe, in kuma a babban titi ne ina bin dakalin masu tafiya a ƙasa inda akwai shi. Gangaren Mokola da gajeren taku nake saukowa, ba na buɗe ƙafa. Gudu sau uku a mako, atisayen ƙarfi sau biyu. Kambas in ya cinye ta gefe ɗaya ba na jira ya yage. In bayan cinya ya ɗaure ya kwana bai saki ba, washegari tafiya kawai nake yi. Ciwon kwankwaso bai ɓace ɗungurungum ba, yana leƙowa in na daɗe a kan benci, amma ba kamar da ba, awon jinina kuma ya koma inda likita yake so.

Kirana na ƙarshe ga iyaye ne, domin a nan ne abin ya fi amfani. Idan yaro ya karye, musamman a cinya ko kusa da gwiwa ko idon sawu inda ƙashi yake girma, ko da an yi niyyar ɗorin gida, a daure a yi hoton ƙashi, kuma bayan ya warke a riƙa kai shi ana auna ƙafafun lokaci-lokaci har ya gama girma. A lura da yaron da yake ɗingishi ba tare da ciwo ba, ko yake taka ƙafa ɗaya da yatsu, ko yake lanƙwasa gwiwa ɗaya in ya tsaya. Yaron da bai gama girma ba akwai dabarun da ake yi masa waɗanda babba ya riga ya wuce su. In bambancin ya kai santimita 2 zuwa 5 ana iya rage saurin girman doguwar ƙafar har gajeriyar ta kamo ta, in ya fi haka akwai aikin ƙara tsawon ƙashi da likitan nan na Rasha, Gavriil Ilizarov, ya shahara da shi, inda ake jan ƙashin kimanin milimita ɗaya a rana. Muna da asibitocin ƙashi na Dala a Kano da Igbobi a Ikko, ga kuma manyan asibitocin koyarwa. Su kuma manya irina da ciwo yake addabar ɓangare ɗaya kullum, kada a je a cusa kwali a takalmi don an ji labarina, a je a auna tukuna, domin abin da ya yi wa wani daidai yana iya karkatar da wani.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, Ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya ƙara wa Hajiya lafiya da nisan kwana.